Salatin Baba Oumarou

Anisa ta bar mota a bakin hanya, ta gangara da sauri garkar Baba Oumarou, mai noman ganyen salati.

Ita ce ke kula da manyan kwatamai na tashar tace ruwan ƙazanta, inda ake tsayar da ruwa shiru har dagwalo ya kwanta a ƙasa. Satin jiya injin kwashe dagwalon ya mutu, abin ya taso sama yana kumfa, ga kuma manyan baƙi daga ofisoshin gwamnati na unguwar Plateau suna tafe. Sai ta sa aka buɗe bututun ƙasa, aka tura komai cikin magudanar da ke ratsa garake. Baƙi suka yaba da tsabta. Ita kuwa tun ranar abinci ya daina yi mata daɗi.

"Baba, don Allah kada ku kai salatin nan kasuwa," ta ce, ta kasa haɗa ido da shi. "Ruwan da kuka ba shi..."

Tsohon ya yi dariya. "Ai na san daga wurinki ya fito, 'yata! Dubi ganye, ko taki ban sa ba. Kasuwa kuma? Ko ɗaya bai je ba."

Ta sauke ajiyar zuciya.

"Mu nan tsinkar fari ba a sayarwa," ya ci gaba, "wanda ya yi maka alheri ake kai wa. Tun da safe na aika kwando gidanku a Banifandou. Hajiyarku har ta kira ni, ta ce yaranki sun cinye tas."