Kwalbar da Ke Adakar Malam

Kwana tara da rasuwar Malam Abdulsalami, matarsa Saudatu ta buɗe adakarsa tana neman takardar gida, sai hannunta ya taɓa wani abu mai sanyi a ƙarƙashin littattafai. Doguwar kwalba ce naɗe cikin tsohon rawani. Ruwan cikinta fari ne mai ɗan ɗorawa-ɗorawa, a jikinta ga hoton tsaunuka da 'ya'yan inabi. Ba sai an karanta mata ba. Ta sha ganin irinta a fashe a bayan otal-otal ɗin hanyar Madalla.

Shekara talatin da ɗaya Malam yana kiran salla a masallacin unguwarsu a Kurmin Sarki, mutumin da ko goro ba ya ci, sai ga giya a adakarsa. A wuyan kwalbar an ɗaura 'yar takarda da rubutun ajami, hannunsa ne babu tantama: kwanan wata na shekara shida baya, sai zane shida a jere. Ta ce a ranta, wato shida ya shanye, wannan ce ta bakwai. Ba a buɗe ta ba, amma hakan bai sanyaya mata rai ba.

Ga shi bayan Azahar Zakariya ƙanin Malam zai zo da dattawa biyu su duba kayan mamaci kafin rabon gado. Zakariya kuwa bakinsa ba shi da linzami. In ya ga kwalbar nan, kafin Magariba duk Suleja ta ji, sunan Malam ya ɓaci a ranar da ba zai iya kare kansa ba.

Tana takaba, ba halin fita. In ta tuttular a makwarara, ruwan ta ƙofar masallaci yake bi, wari ya kai ƙara. In ta jefa a bola, idon maƙwabta ba ya barci.

Sai ta tuna da Sebastine, ɗan hayarsu na ɗakin ƙofa. Kirista ne daga kudu, shekararsa takwas a gidan tare da matarsa Oluchi. Da can a wani babban otal a Abuja yake aiki, aka sallame shi, ya koma gyaran janareto. Kullum bayan La'asar yakan zauna da Malam a tabarma su sha shayi, ba wata hira mai yawa. Tun ranar jana'iza kuwa shi kaɗai yake zama, ya zuba wa ƙofar ɗakin Malam ido.

Oluchi tana kasuwa. Saudatu ta kira shi, ta tsaya a bayan labule, ta ɗan yaye rawanin.

Sebastine ya ja da baya, ya mai da hannuwansa biyu bayansa.

"Ka san wannan?"

"Daga ƙasar Ajantina take, Mama," in ji shi, ko rubutun jikinta bai duba ba. "Can kan tsaunuka, inda ruwan sama ba ya sauka sai da ƙyar. Itatuwan inabin sun haura shekara tamanin, 'ya'ya kaɗan suke yi, shi ya sa ɗanɗanonta..." Ya haɗiye yawu. "Abeg, Mama, don Allah ki fasa ta."

"In fasa ta wari ya tona mini asiri? Ku ai ba haramun ba ce a wurinku. Don girman zaman da ka yi da Malam, ka rufa masa asiri, ka ɗauke mini ita."

Gumi ya karyo masa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ga sallamar Zakariya daga zaure. Saudatu ta tura masa kwalbar a ƙirji. Ya karɓa da hannu biyu, ya shige ɗakinsa, ta ji ƙarar sakata.

Zakariya ya zazzage adakar har ƙasa, bai samu komai ba sai littattafai da carbi da takardar gida. Dattawan suka ce, "Allah ya jiƙan Malam, ya tafi da tsarkinsa." Saudatu ta amsa da amin. Asiri ya rufu, amma ita ta san abin da ta gani, kuma ta ji haushin mijinta irin wanda ba ta taɓa ji ba yana raye. Ashe zama da mutum ba saninsa ba ne.

Aka yi La'asar, tabarma ba kowa. Ƙofar Sebastine tana kulle, shiru kamar ba mutum a ciki.

Dab da Magariba Oluchi ta dawo. Ko ɗakinta ba ta nufa ba, ta sauke kwandonta a ƙofar Saudatu, ta durƙusa.

"Mama, tun rasuwa nake son in roƙe ki wani abu, kunya ta hana ni. Akwai wata kwalba a kayan Malam. Ta mijina ce, ita ce ta ƙarshe da ya rage ranar da ya rantse ya bar shaye-shaye, Malam ya karɓa ya ɓoye masa, duk shekarar da ya cika bai sha ba sai ya yi mata zane ɗaya. Don Allah, Mama, ko da kuka ya zo miki, kada ki ba shi."