Zuma Maimakon Maɗaci

Uwar tsohon mijinta ta sauka daga jaki a ƙofar gidansu a Kibiya, ta zo ganin ko an yaye jikarta.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ya sake ta, kafin ta gama idda har ya yi sabon aure a Rano. Alƙali ya ce ranar yaye 'ya ta koma gidan uba. Mata na shafa maɗaci don yaro ya saki nono. Ita kuwa tun da ruwan ya ƙafe, zuma take shafawa a ɓoye.

"Iya, wallahi har yanzu tana sha," uwar yarinyar ta ce, ta miƙa wa 'yar nono.

Yarinyar ta kama, ta saki. "Inna, yau babu zuma?"

Tsohuwa ta warware majanyin da ta zo da shi.