Rigar Verna Holloway

Verna Holloway ta gama waƙarta a kan gada, ta faɗa kogi. 'Yan kallo a silima suka ɗau tafi.

Matar da ke gefena ta zungure ni tana dariya. "Haba Mama, kuka? Fim ne fa! Dubi yadda take fafutuka, kamar gaske. Verna tana Hollywood lafiya lau."

Na sani. Verna ba ta taɓa jiƙa ko yatsa ba. In an zo wurin haɗari, 'yata Opal ake sa wa rigarta, a ɗauki hotonta ta baya.

Ranar da aka ɗauki wannan, Opal ba ta fito daga kogin ba. Darakta ya ce hoton ya yi kyau, a bar shi.

Kullum ina zuwa. Nan kaɗai nake ganinta tana motsi.