Hutun La'asar a Bakin Magudana

Karfasa ɗaya ce a bokitin Shafi'u, ita ma ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Tun azahar yake zaune a bakin babbar magudanar ruwan da ta ratsa bayan gidajen unguwar Cheras, a ƙasar da ya zo karatu, takunkumin fuskarsa ya jiƙe da gumi, kifi kuwa sun ƙi kula shi.

Gasar kamun kifin ta ranar Lahadi ce, mutum shida, duk ɗaliban Arewa masu digiri na uku. Ubale ne ya ƙirƙiro ta da aka sassauta dokar kulle, wai zaman ɗaki ya ishi kowa. Dokokinta kaɗan ne. A ja ƙuri'ar wurin zama daga hular Ubale, kowa ya ba ɗan'uwansa taku ashirin saboda cuta, ƙarfe shida a auna, wanda kifinsa ya fi nauyi ya ɗauki kwali. A kwalin akwai shinkafa, mai, ƙwai da madarar yara. Da aka yi dariyar madarar, Ubale cewa ya yi abin da ya tarar a kanti ke nan.

Shafi'u ya ga sauran biyar ɗin wasa suka zo yi. Shi abinci ya zo nema, kuma ya gwammace ya mutu da a gane haka. Tallafin karatun da ake turo masa daga gida ya tsaya tun farkon annoba, gidan abincin da yake wanke-wanke a ɓoye ya rufe. Maƙwabtan da yunwa ta ci ƙarfinsu sun rataya farin ƙyalle a taga don a kawo musu ɗauki. Da matarsa Barira ta ambaci haka, kwana biyu bai yi mata magana ba. Ƙungiyar ɗalibai ta kawo masa buhun shinkafa har ƙofa, ya yi godiya, ya ce a kai wa mabuƙata. Malamin kwaleji ne fa a gida, ina za a ji a Gumel cewa ya karɓi sadaka? Ya rufe ƙofa, suka wuni da ruwan shayi.

Mako uku a jere shi ke ɗaukar kwali, kuma har ransa ya yarda ƙwarewa ce, shi da bai taɓa riƙe fatsa ba sai a ƙasar nan. Ƙuri'a ma tana yi da shi. Kullum shi ake miƙa wa hula da farko don ya girme su, kullum wurin ƙarshe ke faɗo masa, can bayan kwanar magudanar, inda bututu ke zubo ruwa kifi suna taruwa.

Yau dai ba su taru ba. Kayan wancan makon sun ƙare tun Juma'a. Da safe Barira ta ɗauraye gwangwanin madara da ruwan ɗumi ta ba 'yarsu Hanan, sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, “Baban Hanan, in ba a dace ba yau, ni zan rataya ƙyallen nan. Ka yi fushinka.”

Wanda yake tsoro Ubale ne. Mutumin Yawuri, a bakin kogi ya buɗe ido. Sau biyu Shafi'u ya hango shi ya miƙe yana kokawa da sanda, sau biyu ya koma ya zauna yana tsaki.

“Ta sake tsere mini, Malam,” Ubale ya ɗaga murya. “Tarwaɗa ce, kamar cinyata. Bayan salla sai ni sai ita.”

Shafi'u ya dubi bokitinsa. Ko rabin wannan tarwaɗar ta ishi a raba shi da kwali. Duk wanda ya kama wani abu ma, ko mene ne, ya gama da shi. Ya ji zuciyarsa ta karye.

Al'adarsu ce in la'asar ta yi a bar fatsa a cikin ruwa, a hau ƙarƙashin gada a yi jam'i, sahu a warwatse. Ba a taɓa sandar wani, ko da kifi na ja. Ba wanda ya taɓa tsayawa gadi, don ba wanda ya taɓa tunanin ana buƙata.

“Ku tayar, alwalata ta karye,” in ji Shafi'u. “Zan riske ku.”

Ya jira har ya ji kabbarar Ubale. Sannan ya zaro abin yankan farce daga cikin makullansa. Raka'a huɗu ta ishe shi: ya jawo zare, ya datse ƙugiya, ya mayar da dalmar da ke nutsar da zaren cikin ruwa. Za su ɗauka kifi ne ya tsinke. Ya san abin da yake yi sunansa ha'inci, ya san waɗannan mutanen ba su taɓa yi masa komai ba sai alheri. Kunya ta kama shi, amma bai fasa ba.

Ya jawo fatsa ta farko, ya tsaya, ya mayar. Ya ruga ta biyu. Ya wuce ta uku da ta huɗu yana haki, abin yankan farcen a buɗe a hannunsa, bai datsi komai ba. Aka sallame salla yana durƙushe gaban sandar Ubale, bakin zaren a tafinsa, an ƙulle shi tsaf a jikin dalma kamar sauran. Fatsa biyar ɗin nan, babu wadda aka taɓa ɗaura wa ƙugiya.