Tambaya ta Goma

Kwana uku ke nan Babbar Sista na zaune a kan bencin da masu jego ke zama, gwiwoyinta na yi mata tsiya. An kwashe ma'aunin jarirai zuwa bayan asibiti, an mai da ɗakin awo ajin horar da ma'aikatan jinya. Tagogi a rufe saboda majigi, fanka ta mutu, ƙofa kuma ba mai fita sai ta sa hannu a takarda.

Shekara talatin tana karɓar haihuwa. Rabin 'yan ajin ita ta koya musu yanke cibi. Yau ga wata likita da ba ta kai 'yarta ta biyu ba tana koya mata wai akwai ciwon damuwa da ke kama mace bayan haihuwa, har ta tsani kanta, ta kasa son abin da ta haifa. A wajen Babbar Sista wannan gajiya ce kawai, barci ke maganinta. Sai dai ba ta isa ta faɗa ba, don an ce duk wadda ta faɗi jarrabawar yau za a ɗauke ta daga ɗakin haihuwa a kai ta wajen ajiye kati. Tsoro take ji, irin wanda rabonta da shi tun tana ɗaliba.

Jarrabawar ta gwaji ce. Ƙungiyar da ta shirya horon za ta aiko 'yar wasan kwaikwayo da 'yartsana, ta zauna a matsayin mai jego. A yi mata tambayoyi goma da ke kan takarda, likita na ba da maki. Da yake babba juji ne, Babbar Sista aka sa a farko.

Ƙarfe goma aka ce, har sha ɗaya saura shiru. Can aka turo ƙofa a hankali. Wata yarinya ta leƙo, da ƙunshi a ƙirji ta lulluɓe da mayafi, ta ga mata ashirin sun zuba mata ido, ta ja da baya.

"Yauwa, ke muke jira," in ji likita. "Zauna gaban Sista."

Yarinyar ta zauna a bakin kujera. Takalmin ƙafar dama daban, na hagu daban, ga jirwayen nono a gaban riga. Babbar Sista ta ce a ranta, lallai waɗannan sun san sana'arsu.

Ta fara karanto tambayoyi da muryar mai karanta sanarwa. Kina barci? Yarinyar ta ce ko jaririn ya yi, ita idonta biyu, tana kallon rufin ɗaki. Kina dariya kamar da? Ta ce ta manta yadda ake yi. Kina zargin kanki? Ta ce kowa sai ya ce ta gode wa Allah, kuma tana godewa, amma in ya yi kuka ji take bangon ɗakin na matsowa. Mijinta na fita tun asuba, surukarta ta ce sangarta ce.

Likita ta duba takardar hannunta, ta juya bayanta, ta ɗaure fuska, ta ci gaba da rubutu.

A tambaya ta shida Babbar Sista ta daina kallon maki. Ta sha jin waɗannan kalmomi a wannan ɗaki, ta sha amsa su da "ki yi haƙuri, zai wuce," tana miƙa hannu ga kati na gaba. Fuskoki suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama ta, ga ba halin tashi.

Ta iso ta goma, wadda aka ce kada a kewaya mata.

"'Yata, kin taɓa tunanin cutar da kanki?"

Yarinyar ta jijjiga ƙunshin nan a hankali.

"Jiya ma, Mama. Yau na ce bari in zo in faɗa wa wani tukun. Ban taɓa faɗa wa kowa ba."

Babbar Sista ta kama hannunta, ta ji shi sanyi ƙalau. Ta faɗi abin da aka koya musu, amma daga zuciyarta ya fito: ba laifinta ba ne, ciwo ne, yana da magani, kuma daga yanzu ba za a bar ta ita kaɗai ba.

"Lokaci ya yi," in ji likita.

Aji ya kaure da tafi. Yarinyar ta zabura, ta dubi masu tafi, ta dubi Babbar Sista, wadda ke share ido tana dariyar wanda ya sauke kaya.

"Kai, yarinya, kin iya! Saura kaɗan in yarda da gaske ne. Je ki sha iska kafin a kira ta biyu."

Yarinyar ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta fita, ba wanda ya tambaye ta sa hannu.

Likita ta ce maki tara cikin goma, duk da 'yar wasan ta kauce wa rubutun da aka ba ta tun daga farko. Aka buɗe taga ɗaya, aka raba ruwa. Babbar Sista ta miƙe ƙafafu, ɗakin haihuwa ya zauna mata. Wajen minti ashirin suka wuce, aka aika neman 'yar wasan a baranda, ba a gan ta ba.

Sai aka banko ƙofa. Wata budurwa ce tana haki, riƙe da 'yartsana ta ƙafa ɗaya.

"Don Allah ku yi haƙuri, motarmu ce ta lalace a hanya. Ni ce 'yar wasan da aka aiko, da wa zan fara?"