Jar Karsanar Iyatu

Ran nan hadari ya haɗu tun hantsi ya ƙi zubowa, gari ya yi zufa. Ina zaune bakin rijiyar Bauranya sai ga Kamalu bisa keke. Tun da aka sallame shi daga aiki a Kankia, bashin taki da na jinyar mahaifiyarsa suka sha kansa. Iyatu mai tallan nono, wadda aka sa masu rana, tana jiransa riƙe da jar karsana.

"Iyatu, ki daina jirana," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Masu bashi har masallaci suke bina."

"Kai Kamalu, ka cika ban haushi! Ungo igiya, ka kai karsanar kasuwa ka biya su."

"Wadda Baffa ya ba ki ranar sunanki? Me za a ce da ni a rugarku?"

"Ni za ka aura ko mutanen ruga?"

Ya dube ta, ya dubi igiyar, ya ƙi karɓa. Ta ja tsaki, ta ɗaure karsanar a kekensa, ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce.

Bai sayar ba. Yanzu Iyatu na ɗakinsa, saniyar ta haihu, da nononta ake rage bashin. Har yau tana yi masa gorin taurin kai.