Ƙarfen Cikin Gansakuka

Shekarar da soja suka karɓi mulki damina ta ƙi. Ba mai sayen hauya, wutar maƙerar wani tsoho ta mutu. Sai ga ɗansa, wanda lakwal, wato makarantar boko, ta raba da gadon ƙira, ya dawo yana kwasar gansakuka a ragowar tabkin Tasawa.

"Ɗan maƙeri da kwalba cikin taɓo! Ka ba ni kunya."

"Baba, akwai halittun da ido ba ya gani a nan. Abin da suke sarrafa hasken rana da shi, da ƙarfe da farar wuta suke ƙera shi."

Tsohon ya ɗaga kwalbar sama, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga masu ɗiban ruwa.

"Kun dai ji? Ɗana ya bi ƙarfe har inda ni ban kai ba."